Ranar da Na Kira Sunansa a Bayan Jif

Tun ina yarinya a Ebute Metta aka san ni da abu biyu, kunne da baki. Babana ma'aikacin reluwe ne, gidanmu kuma a jikin layin dogo yake, saboda haka kafin jirgi ya ɓullo nakan faɗi ko na kaya ne ko na fasinja, wata rana ma har in faɗi direban daga yadda yake busa usur. Na bakin kuwa ba sai na yi dogon bayani ba. Innata takan ce duk wanda ya aure ni ya sayi akwatin rediyon da ba a kashewa.

Wanda ya sayi rediyon tsohon soja ne. Ya yi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, a can ya koyi tuƙi da kanikanci. Da aka sallame su ya zauna a Zangon Agege tare da mahaifiyarsa, ya sayi wata tsohuwar jif a gwanjon kayan soja, irin mai ja da ƙafa huɗu. Da ita yake shiga da fataken goro cikin gonakin Yarbawa, inda babbar mota ba ta isa ta leƙa ba da damina, su ɗebo goro a kawo Zango, a ɗaure shi huhu-huhu a loda a jirgin Arewa. Amma ba tuƙin ne ya yi masa suna ba. Yana da wata sandar ƙarfe, tsawonta kamu ɗaya. Idan aka kawo masa mota ko injin niƙa, sai ya ɗora kan sandar a jikin ƙarfen, ya kara ɗaya kan a kunnensa, ya rufe ido. Kafin ka gama gaisawa da mutanen wurin ya faɗi abin da ya lalace, kuma in an kwance haka za a tarar. Yarbawa direbobin bolekaja, motocin hayar nan masu bodin katako, kan ce shi eleti ne, wato mai kunne. Ni ma, in faɗi gaskiya, kunnen nan na fara so kafin in so mai shi.

A shekarar da na haifi 'yarmu ta fari ya yi wani zazzaɓi mai zafi, ya sha ƙwayoyi masu ɗaci har sati uku. Ya tashi, amma kamar an musanya min shi. In yi magana ya yi banza da ni. In sake, ya yi banza. Sai na zagayo gabansa na tsaya masa ƙerere sannan zai ɗago ya zuba wa bakina ido, ya ba ni amsa a taƙaice. Na ce to, girman kai ya zo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar. Sau biyu ina fitowa daga wanka in tarar tana tsala kuka a kan tabarma har muryarta ta dishe, shi kuwa yana zaune taku biyu daga inda take, ya ba ta baya, yana goga ƙarfe da zarto hankalinsa kwance. Na ƙulla a raina cewa don mace na haifa ne. Na ji haushinsa, haushi na gaske, har na fara rage gishiri a miyarsa da gangan.

Ana cikin haka jif ta fara kuka. Daga ƙarƙashinta ta baya yake fitowa, wani siririn kuka mai tsawo, in ya taka totur ya ƙaru, in ya saki ya lafa. Tun daga mararrabar tasha nake jin tahowarsa, har nakan ɗora ruwan wankansa da shi. Duk Zango an ji. Wata guda cur ana haka bai ce uffan ba, mutane kuma suka ce ai mai kunne ya san abin da yake yi. Sai da baƙin mai ya fara ɗiga a inda yake ajiye ta, ya shafo da yatsa ya ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, sannan ya ce zai buɗe aksul, wato ƙarfen nan da ke haɗa tayoyin baya yana juya su.

Ranar Alhamis ya fara, a filin da ke cikin shingenmu na kwano. Akwai gaggawa a aikin, don ranar Lahadi zai kai dattawa huɗu na 'yan goro wata gona mai nisa, hanyar kuwa gangare ce mai santsi, da rafi a ƙasanta. Ya ɗaga bayan motar da jak ya tokare da kututturen icce. Ya tsiyaye man aksul ɗin a cikin tasata ta wanke-wanke ba tare da ya tambaye ni ba, man yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, na yi ta mita ni kaɗai. Ya cire tayoyin, ya sauke farfela, sandar da ke kawo juyi daga inji, ya zaro sandunan aksul ɗin biyu, sannan ya buɗe tulun nan na tsakiya. A ciki akwai wani babban giya mai faɗin faifai da haƙora kewaye da shi, da wani ƙarami da ke cizonsa yana juya shi. Boris ɗin da ke riƙe da ƙaramin ya cinye, duk ya yi tsaga-tsaga. Yana da wani da ya ciro daga gawar wata jif, ya wanke komai da kananzir, ya sa, ya ɗaure. Kafin Juma'a ta yi an mayar da tayoyi.

Da aka sauko daga masallaci ya ce wa uku daga cikin dattawan su hau a gwada. Ina leƙe ta ɓular shinge da goyo a bayana. Motar na barin ƙofar gida na dafe ƙirji. Kukan da na sani na da, ashe wasa ne. Wannan ihu ne, siriri mai soka kunne, har kajin maƙwabta suka watse, mai tallan eko, wato agidi, ta tsaya da tirenta a ka tana bin motar da kallo. Suka kai tasha suka juyo, ihun bai yanke ba. Na ce a raina yau akwai faɗa, don maigidana ba ya yafe wa ƙarfe.

Sai ga shi ya sauko yana murmushi. Ya bugi jikin motar da tafin hannu, ya dubi dattawan ya ce, "Kun ji ko? Ta yi lakwas."

Na jira wani ya yi dariya. Babu wanda ya yi. Suka dubi juna, babbansu ya gyara hularsa ya ce madalla, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Sauran suka ce amin. Da suka fito suna wucewa ta jikin shingen na ji ɗaya yana cewa ƙila sabon ƙarfe haka yake kuka kafin ya saba, ɗaya kuma ya ce wane ne shi da zai koya wa mai kunne sauraron mota. Suka rabu a kan sai jibi da sassafe. Dattawa uku masu furfura, kara ta hana su faɗin abin da kowace kaza a unguwar ta ji, kuma a haka za su hau gangaren rafi.

Na fito tsakar gida. Yana tsugune a bayan jif, ya ba ni baya, yana goge sifanu yana jerawa a kan buhu. Inna, wato mahaifiyarsa, tana zaune a inuwa can gabansa da tiren goro a cinya tana zaɓe. Na sunkuya na taɓa tulun aksul ɗin don in tabbatar, na fizge hannu da sauri, don ya ƙona ni kamar murfin tukunya. Ban yi karatun mota ba, amma 'yar reluwe ce ni, na san abin da ke faruwa in ƙarfe ya yi irin wannan zafi yana gudu. Cijewa yake yi.

Na ce masa, Malam, motar nan fa ba ta gyaru ba. Shiru. Na ɗaga murya na sake faɗa. Ya ɗauki wani sifana ya hura shi ya ci gaba da gogewa. Haushin wata da watanni ya taso mini gaba ɗaya, na yarinyar da na miskilancin da na tasata, idona ya rufe.

Shekara uku da aurenmu sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Akwai yaron maƙwabta mai irin sunan, shi ma mai sunan Malam nake ce masa. Ko a zuciyata ina kaucewa. Ranar nan na buɗe baki na kira shi da sunansa na yanka, tsirara, ba Malam ba komai, da muryar da ake kiran ɗan aike. Na kira sau uku.

Tiren Inna ya kife, goro ya gangara ko'ina. Bayerabiyar da ke bayan shingenmu ta tsayar da dakan da take yi. Ni kaina na toshe bakina da hannu biyu, ina jiran ya juyo ya ce in tattara kayana in koma Ebute Metta.

Bai juyo ba. Ya gama da sifanan da ke hannunsa, ya ajiye shi a layi, ya ɗauki na gaba. Har wata 'yar waƙar soja yake yi ƙasa-ƙasa, muryar tana bauɗewa bai sani ba. Sai da wani goro ya gangaro ya bugi ƙafarsa sannan ya ɗago, ya ga tiren a kife, ya ce wa Inna sannu, ya tsince na kusa da shi ya miƙa mata, ya koma kan aikinsa.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na dubi Inna ina jiran zagi ko tsinuwa, sai na ga hawaye ne ke bin fuskarta. Ta yafito ni da hannu. Na durƙusa a gefenta.

"Kin gane ke nan, 'yar nan," in ji ta.

Ta sani tun daga zazzaɓin. Shi ya sa kullum take zama a inda zai gan ta. In an yi sallama sai ta karkata mafici wajen ƙofa, shi kuma ya amsa. In ladan ya kira salla sai ta jawo butarta, shi ma ya tashi. Wata biyar suna wannan a gabana, ni mai taƙama da kunne ban ga komai ba, ina can ina rage gishiri. Ta kama hannuna ta roƙe ni in rufa masa asiri, ta ce kunnen nan shi ne gonarsa, ranar da Zango ta sani an daina kawo masa ko keke. Na ce mata, Inna, jibi zai sauka gangaren rafi da mutum huɗu a kan ƙarfen da ke ƙona hannu. Na ce in na yi shiru ba asiri na rufa ba, ƙasa na rufa masa. Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta saki hannuna.

Na zagaya gabansa. A gaban idon mahaifiyarsa, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba, na kama hannunsa na ja shi na ɗora a kan tulun. Ya fizge. Ya sake taɓawa da bayan yatsu, a hankali, kamar mai duba zazzaɓi. Sannan ya ɗago ya zuba wa bakina ido, irin kallon nan da na daɗe ina kira raini.

Na ce a hankali, ina buɗe baki sosai, "Tana kuka. Ya fi na da."

Ya dubi Inna, ta sunkuyar da kai. Ya dubi ƙofar da dattawan suka bi suka fita. Na ga lokacin da ya tuna ya bugi motar yana tambayarsu ko sun ji, fuskarsa ta yi wani iri, har na so a ce ban faɗa ba. Mutumin da ya je Bama ya dawo, sai ga shi ya zame ya zauna daɓas a cikin baƙin mai da rigarsa ta Juma'a.

Ya ce kunnensa na hagu tun a can Bama ya mutu, ranar da aka harba babbar bindiga a kusa da shi, bai taɓa gaya wa kowa ba tunda na dama ya ishe shi aiki. Na daman kuma zazzaɓi ya tafi da shi. Yanzu abin da ke cikin kansa wani gunji ne kawai, dare da rana. Ya ce tsakanin haƙoran giya biyun nan akwai ɗan sarari da ake bari, kaurin takarda. Da can yakan girgiza babban, ya saurari wani ɗan ƙas, daga ƙarar yake sanin ya yi daidai. Jiya ya girgiza bai ji komai ba, ya yi ta lalube da hannu, tsoron kada ya bar shi sako-sako ya sa ya matse fiye da kima. Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce yanzun nan. Bai tambayi yadda aka yi na sani ba, ni kuma ban faɗa ba. Har ya koma ga Allah bai san na taɓa kiran sunansa ba, Inna ma ba ta sake tada maganar ba.

Washegari Asabar aka rufe ƙofar shinge tun da hantsi. Inna ta zauna a zaure da yarinyar, duk wanda ya zo ta ce Malam yana aiki mai son natsuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka na ɗaure zane na shiga ƙarƙashin mota. Ya sake sauke komai. Haƙoran sun yi wani shuɗi-shuɗi saboda zafi, amma Allah ya taimaka ba su guntule ba. Ya ce in kawo bulata ta wanki da man kaɗanya. Ya kwaɓa su a murfin gwangwani, ya shafa wa haƙoran babban giyan da gashin kaza, ya juya shi da hannu, sannan ya nuna mini inda ƙaramin ya lashe shuɗin. Can ƙasa a gindin haƙorin ya lasa, alhali a tsakiya ake so. Ya ce wani sajan ya taɓa nuna musu wannan dabara a soja, shi kuwa ya raina ta, ya ce ta waɗanda ba su da kunne ce. Ya yi wata dariya marar daɗi ya ce to, ga shi yau gani ya kori ji.

Da almakashin ɗinkina ya yanko 'yan siraran zobba daga gwangwanin madara, yana sawa a bayan boris yana cirewa, don ya matsar da giyan gaba ko baya da kaurin gashi. Almakashin bai sake yanka atamfa ba, amma ranar ban yi mita ba. Duk sanda ya ɗaure sai ya miƙo mini sandarsa. Na karɓe ta da hannu biyu, don ko ɗagawa in share ƙarƙashinta ba ya bari a yi. Na ɗora kanta a jikin ƙarfe na kara kunne, shi yana girgiza giyan yana kallon fuskata. Karon farko babu ƙara ko kaɗan, na girgiza kai. Karo na biyu ya yi ƙwal-ƙwal kamar cokali a kwano, na buɗe masa hannu alamar ya yi yawa. A na huɗu na ji shi, ɗan ƙas guda, ƙarami mai tsabta, kamar an ɓare sabon goro. Ban san na yi murmushi ba sai da na ga ya sauke ajiyar zuciya. Shuɗin ma ya nuna tsakiya.

Kafin ya rufe tulun ya karɓi sandar, ya juya ta a hannunsa, sai ya sa kanta tsakanin haƙoransa ya ciza, ya ɗora ɗaya kan a ƙarfen, ya ce in girgiza. Na girgiza. Idonsa ya buɗe. Ya ce yana jin wani abu kaɗan, ta ƙashin muƙamuƙi yake shigowa, can nesa kamar daga cikin rijiya. Ya sa na maimaita sau wajen goma.

Saura gwaji a hanya, don aksul ba ya faɗin gaskiya sai da nauyi a kansa. Dattawa dai mun ga irin shaidarsu. Bayan la'asar na yafa gyale na hau gaban jif kusa da shi, muka ratsa tsakiyar Zango. Matar aure a gaban mota, da baƙin mai a farce. Masu shayi da masu ɗaurin huhu duk suka saki baki, wata tsohuwa har da salati. Na ɗaga kai sama kamar ba ni ba. Mun shirya in na ji kuka zan taɓa gwiwarsa. Muka bi hanyar gona, ya taka totur, ya saki, ya hau tudu, ya gangara, yana satar kallon hannuna. Hannuna bai bar cinyata ba. Babu abin da ke tashi sai gurnanin inji da ƙarar tsakuwa. Da muka tsaya ya sauka ya taɓa tulun, ɗumi kawai. A hanyar dawowa muka haɗu da babban dattijon nan, ya saurara, ya ce ai jiya ma lafiya lau take. Na ciji harshena har sai da na ji gishirin jini.

Tun daga ƙofar gida na jiyo yarinyar. Yunwa ta ishe ta, tana ta tsala ihu a hannun Inna, fuskarta ta yi jawur. Na yar da gyale na miƙa hannu zan karɓe ta, sai ya ce in dakata. Ya wanke hannunsa da toka da sabulu har sau biyu, ya goge a rigarsa. Ya karɓe ta. Ya daɗe yana kallon ɗan bakin nan da ke buɗe. Sannan ya ɗaga ta, ya manna muƙamuƙinsa a ƙirjinta, ya rufe ido, daidai yadda yake yi wa inji.

"Haka take yi kullum?" ya tambaya, idonsa a rufe.

Na tuna ba zai ji ni ba, na taɓa kafaɗarsa. Ya buɗe ido, na ɗaga kai.

"Har ranakun da kike barin ta a kusa da ni?"

Na sake ɗaga kai. Na so in ce masa na zarge shi, na so in ce ya yafe mini gishirin, amma bakin nan nawa da ba a kashewa ya ƙi buɗuwa.

"Muryar wa ta ɗauko?"

Na nuna ƙirjina. Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya mayar da fuskarsa jikin yarinyar ya sake rufe ido. Nono ya cika mini har ya jiƙa gaban rigata. Inna tana ta yi mini alama in karɓe ta haka nan. Ban karɓa ba. Na tsaya a wurin da hannuwana a sake, na bar ta ta yi masa kuka har ya ƙoshi.